Inda Ake Yi wa Gansakuka Hidima

A Kiyoto, tsohon babban birnin Japan, mutum yakan nemi izini tun da sauran makonni, ya biya kuɗi masu kauri, ya shiga bas ya yi tafiyar kusan awa guda, ba don komai ba sai don ya je ya kalli gansakuka. Gansakukar nan dai da muka sani, mai fitowa a gindin randa da bakin rijiya da bangon makewayi idan damina ta yi nisa, wadda uwar gida ke sa yara su kankare da ɓarin kasko. Da ɗan ƙanwata, wanda ke karatun ilimin ƙasar noma a Jami'ar Kiyoto, ya aiko mini da saƙo cewa ya samo mana gurbin shiga lambun gansakuka, sai na rasa inda zan sa maganar. Lambun mangwaro na sani, lambun albasa na sani. Wannan kuwa kaina ya kasa zana shi.

Jirginmu ya sauka a filin Kansai, wanda aka gina a kan tsibirin da mutane suka cike da kansu a cikin teku kusa da Osaka, aka buɗe shi a 1994. Daga nan jirgin ƙasa ya ɗauke mu zuwa Kiyoto. Watan Yuni ne, tsakiyar daminarsu da suke kira tsuyu. Amma wannan damina ba irin tamu ba ce. Tamu takan zo da hadari baƙi ƙirin daga gabas, da iska, da tsawa, ruwa ya zubo kamar da bakin ƙwarya, kafin awa biyu rana ta buɗe. Tasu kuwa a kwanakin da na gani yayyafi ne mai naci, ya wuni yana sauka a hankali, gari ya yi lumshi, tufafi su ƙi bushewa a kan igiya. Kiyoto tana samun ruwan sama kusan milimita 1,500 a shekara, wato kusan ninkin na Kano, kuma babu watan da yake wucewa ba a yi ruwa ba. Ga duwatsu sun kewaye garin ta gabas da arewa da yamma, sun riƙe laimar kamar murfin tukunya. A irin wannan gari, ko dutse ka ajiye ka tafi, kafin ka dawo ya yi koren gashi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai tun a unguwar da na sauka shi ne, na duba na duba ban ga ƙasa tsirara ba. Inda ba kwalta ba ne, ba siminti ba ne, to akwai wani abu kore da ya kwanta ya rufe wurin. A ƙofar wani gida na ga wurin ajiye mota da aka yi wa daɓen kankare gida-gida, aka bar ƴan layuka tsakaninsu faɗin yatsu huɗu, aka dasa wata ciyawa gajera mai duhun kore, cunkus kamar gashin buroshi. Mota tana hawa tana sauka, ita tana nan abinta. Na durƙusa na shafa ta.

"Kawu, wannan ba ciyawa ba ce ta gaskiya," in ji ɗan ƙanwata. "Tamaryu suke ce mata. Ba a aske ta, iya tsawonta ke nan. Tana son inuwa, kuma lokacin sanyi takan yi ƴaƴa shuɗaye a ɓoye cikin ganye."

A gindin itatuwan bakin titi kuwa wata gora ce ƴar ƙarama, sasa, ba ta wuce gwiwa ba, ta yaɗu ta toshe ko'ina har ciyawar banza ba ta samun wurin leƙowa. Ni da na san gora sai doguwa ta rufin ɗaki da sandar Fulani, ban taɓa zaton tana da ƙanwa mai rarrafe ba.

Ranar zuwa lambun muka hau bas daga tashar Kiyoto zuwa yammacin gari, inda gidaje ke ƙarewa dutse ya fara. Sunan wurin Saihoji, amma kowa Kokedera yake ce masa, haikalin gansakuka. Ba a faɗa masa haka kawai. Tun 1977 masu wurin suka rufe ƙofa ga duk wanda bai nemi izini tun da wuri ba, saboda tururuwar masu yawon buɗe ido ta fara cutar da shukar, ta kuma hana makwabta sakat. Shekaru da dama hanyar neman izinin ɗaya ce tak: ka aika katin gidan waya mai haɗe da na amsa, ka jira a dawo maka da rana da sa'a. Yanzu ana yi ta intanet ma. A bakin ƙofa aka duba sunanmu, aka duba lokaci, sannan aka ce mu shiga.

Kafin ka taka lambu sai an bi da kai ta wani babban zaure mai shimfiɗar tabarma, an jera ƙananan tebura. Kowa ya zauna gaban takarda mai ɗauke da rubutu dishi-dishi, ya ɗauki alƙalami ya bi sawun haruffan ɗaya bayan ɗaya. Nassin addininsu ne na Buda, don haka ni ban rubuta ba, na dai zauna a wurina ina kallo. Ƙanshin tawada da sunkuyon kawuna sun tuna mini makarantar allo, sai dai tamu da amo take tafiya, kowa na rera nasa, nan kuwa ko tari mutum zai yi sai ya danne. Kafin mu tashi na lura numfashina ya sauka, gaggawar da na shigo da ita daga titi ta kwanta. Ina ganin hikimar ke nan. Wanda ya shigo da sauri ba zai ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba, taka shi zai yi.

Sai muka fita ta wata ƴar ƙofa, muka sauka kan siririyar hanya.

Gani ya kori ji. Ƙasar wurin gaba ɗaya kore ce, daga bakin hanya har iyakar inda ido ya kai, ba tsaga ba tabo. Koren ya hau saiwoyin itatuwa, ya lulluɓe duwatsu, ya gangara har bakin tafki ya leƙa ruwa, ya haye ƴar gadar da ke kaiwa tsibiri har ba ka gane itace ce a ƙasa. Sama kuma rassan momiji, itace mai ganye kamar tafin hannun jariri, sun haɗe sun tace hasken rana, sai hasken kansa ya sauko kore. Na tsaya cak har na bayana suka raɓa ni suka wuce. A rayuwata na ga fadama bayan ruwan Agusta, na ga gonar shinkafa a Kadawa, na ga tsaunin Mambila, amma duk waɗannan kore ne mai tsayi, mai kaɗawa da iska. Wannan kore ne kwance, shiru, manne da ƙasa, yana bin kowane tudu da kwari har ka ga siffar ƙasar fiye da yadda za ka gan ta in tsirara take.

Da farko na ɗauka abu ɗaya ne. Sai da na tsuguna a bakin igiyar da ta raba hanya da lambu na kai fuskata kusa, sannan na ga ashe jama'a ce. An ce akwai iri sama da 120 a wannan fili. Wata ta miƙe tsaye, kowane tsinke da ganyensa zagaye kamar tauraro, in ka kalle ta daga gefe sai ka rantse ƙaramin daji ne da ƙwaro zai iya ɓata a ciki. Wata ta kwanta tana rarrafe kamar gashin tsuntsu. Wata kuma mai haske-haske, koren da ya yi kusa da fari, ta taru curi-curi, dunƙule kusa da dunƙule, kamar dawo da aka jera a ƙwarya za a kai kasuwa. Inda rana ke ɗan taɓawa wata ce ke mulki, inda inuwa ta yi duhu wata ce, bakin ruwa kuma wata daban. Babu wanda ya ja musu iyaka da igiya, kowace ta zauna inda ya karɓe ta. A kan wasu na ga ƴan siraran sanduna ja-ja, kowanne da ɗan kai kamar na ashana, ɗigon ruwa na rataye a jikinsa.

"Waɗannan fa, furanni ne?"

"A'a, Kawu. Gansakuka ba ta fure, ba ta iri. Wannan ɗan kan idan ya nuna sai ya buɗe, ya saki wata ƙura mai laushi da ido ba ya gani, iska ta kwasa. Inda ta faɗa aka yi dace da laima da inuwa, sai ta tsiro."

A tsakiyar lambun akwai tafki da suke kira tafkin zinariya, an ce an fafe shi ne da siffar harafinsu mai nufin zuciya. Na zagaya shi ina neman siffar, ban gano ta ba, tsibirai da duwatsu sun raba mini hankali. Amma kowane taku goma sai hoton ya sake. Nan ga wani ɗan ɗakin shan shayi na katako a kan ƙafafu, can ga kwale-kwale ɗaure a inuwa, gaba kaɗan ga ƙaton itace da gansakuka ta haye shi har ƙugu.

A kan wani benci ne yaron ya ba ni tarihin wurin, kuma a nan mamakina ya ninka. Bisa abin da aka gada, wani malamin Buda mai suna Gyoki ne ya kafa haikalin tun ƙarni na 8. A 1339 aka kira Muso Soseki, babban malamin Buda na ɗariƙar Zen kuma gwanin tsara lambu, ya sake gina shi. Lambun da ya tsara ya yi suna har shugabannin soja na gidan Ashikaga suka kwaikwaye shi: Yoshimitsu a gidansa na zinariya, Kinkakuji, jikansa Yoshimasa kuma a Ginkakuji. To amma lambun da suka kwaikwaya ba na gansakuka ba ne. Farin yashi ne a tsibiran, da gine-gine masu kyau a bakin ruwa. Yaƙin Onin, wanda ya cinye Kiyoto daga 1467 zuwa 1477, ya ƙone gine-ginen. Daga baya ambaliya ta sha malale wurin. Aka zo lokacin da haikalin ba shi da kuɗin kula da fili mai girma haka. Itatuwa suka yi tsawo suka rufe sama, laima ta zauna, gansakuka ta shigo da ƙafarta.

Wato abin da duniya ke zuwa gani yau, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1994 tare da sauran tsofaffin wuraren Kiyoto, ba wanda ya shuka shi. Talauci da ambaliya ne suka buɗe masa ƙofa. Abin da ya burge ni shi ne waɗanda suka zo daga baya. Da sun ga dama sai su ce ƙazanta ce ta cinye musu gadon kakanni, su kankare, su zubo sabon yashi. Sai suka tsaya suka duba, suka ga abin da ƙasar ta ba su da kanta ya fi abin da za su iya saye, suka karɓa, suka shiga yi masa hidima. Wannan ido, mai iya gane alheri a cikin abin da ya zo ba a gayyace shi ba, shi na yi wa sha'awa fiye da koren kansa.

Na gaya wa yaron cewa na taɓa ganin irin wannan ido, amma a gona, a ƙasar Maraɗi. Tun wajen shekarun 1980 manoman can suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture maimakon sare shi lokacin sassabe. Su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su rage sauran, su bar wa Allah. Ba dashe, ba ban ruwa. Yau miliyoyin hekta a Maraɗi da Damagaram sun koma da itatuwa, gawo da kalgo da sabara, alhali dashen da aka yi ta kawowa daga waje yawancinsa ya mutu. Ya ce malamansu ma suna kawo wannan misali a aji. Na ji daɗi har cikin raina, a ce a Kiyoto ana ambaton manomin Maraɗi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an bar gansakukar ne ta yi yadda ta so. A wani lungu na hango wata dattijuwa durƙushe a kan ɗan matashi, da malafa, da farin ƙyalle a wuya, da kwando a gefenta. Na tsaya na daɗe ina kallon hannunta. Da yatsu biyu take kama ɗan tsiron ciyawa wanda bai kai tsawon farce ba, ta danne gansakukar da ke kewaye da ɗaya hannun don kada ta ɗago, ta zare shi da saiwarsa a hankali, ta jefa a kwando, ta shafa wurin ya koma kamar ba a taɓa ba. Sannan ta matsa gaba da faɗin tafin hannu. Can nesa wani namiji yana shara da tsintsiyar rassan gora masu laushi, yana ɗaga busassun ganye ba tare da ya karci abin da ke ƙasa ba. Ba jan tsintsiya yake yi ba, lallashi yake yi.

Na ce wa yaron ya gaishe mini da ita, ya tambaye ta me zai faru in an bar ganyen. Ta ɗago ta sunkuyar da kai irin gaisuwarsu, ta amsa a taƙaice. Ganye in ya kwana a kai yana tare haske, wurin ya yi rawaya ya ruɓe. Ciyawa kuma in ta yi saiwa sai ta ɗaga shimfiɗar ta yaga ta. Ta ƙara da cewa lokacin kaka, sa'ad da momiji ke zubar da ganye, aikin ba ya ƙarewa. Yaron ya gaya mini cewa a wasu lambunan, in hunturu ya shigo, har lulluɓe gansakuka ake yi da busassun ganyen wani itace mai kama da allura, don kada sanyin da ke daskarar da raɓa ya ƙone ta. Mu mun san a yi wa doki hidima, mun san a yi wa ɗan itacen mangwaro shinge. Ban taɓa ganin an durƙusa wa abin da bai kai tsawon yatsa ba.

Sirrin halittar kuwa a bakin titi na gan shi, ba a lambu ba. Wata rana ruwa ya ɗauke, rana ta fito da ƙarfi. Muna tafe kusa da wata katangar dutse sai yaron ya nuna mini wani tabo a jikinta, ruwan ƙasa, busasshe, ya ƙanƙance kamar tsohon soso. Ni na ce ta mutu. Ya buɗe gorar ruwansa ya ɗiga kaɗan a kai, ya ce in zuba ido. Wallahi kafin in gama gyara tabarau abin ya fara motsi. Ƙananan ganyen da suka naɗe suka ware ɗaya bayan ɗaya, launin ya juya daga ƙasa-ƙasa zuwa kore shar, taurari ƙanana suka bayyana a inda ruwan ya taɓa, gefen da bai jiƙe ba yana nan a bushe. Na ce, "Ikon Allah!" da ƙarfi har wani mai keke ya waiwayo.

Ya yi mini bayani. Gansakuka ba ta da saiwar shan ruwa irin ta sauran tsirrai, ƴan zarurrukan da ke ƙarƙashinta na riƙe wuri ne kawai. Da jikinta duka take sha, daga ruwan sama da raɓa da laimar iska. Shi ya sa take iya zama a kan dutse inda babu ƙasa ko kaɗan, shi ya sa kuma ba ta iya tsawo, don ba ta da jijiyoyin da za su kai ruwa sama. In fari ya zo sai ta rufe ta dakatar da komai ta jira. Taki ma ba ta so, yana ƙona ta.

Tofukuji, a kudu maso gabashin gari, wani salo ne daban. Haikali ne babba da aka kafa a 1236, amma lambunan da ke kewaye da ɗakin shugabansa sababbi ne, wani mai suna Shigemori Mirei ya tsara su a 1939. Sharaɗin da aka ba shi shi ne kada ya zubar da komai, ya yi aiki da tsofaffin kayan da ke wurin. Sai ya ɗauki duwatsun daɓe masu kusurwa huɗu da aka cire daga wata hanya, ya jera su a lambun arewa, dutse ɗaya gansakuka ɗaya, dutse ɗaya gansakuka ɗaya, kamar saƙar saƙi. A gefe guda saƙar a cike take, tana tafiya tana raguwa, duwatsun suna yin nisa da juna, har su ɓace cikin kore zalla. Gansakukar ta kumbura ta fi duwatsun tudu, ta ɗan ci gefunansu. Na zauna a dandamalin katako na rasa ko dutsen ne ke nutsewa ko koren ne ke tasowa. A Saihoji mutum ya bi abin da ƙasa ta yi. A nan mutum ne ya ja layi, shukar kuma tana ta gardama da layin a hankali. Duka biyun sun yi mini kyau, amma in za a ce in koma ɗaya, Saihoji zan koma.

A hanyar dawowa muka yi muhawara da yaron, don ya fara cewa mu a gida ba mu san darajar rufe ƙasa ba, kullum sai shara har tsakar gida ta yi ƙwal.

Na ce, "Kai yaro, bi a hankali. Kakarka da take share tsakar gida safe da yamma ba rashin sani ba ne. A sharariyar ƙasa ake ganin sawun maciji. A nan ake hango kunama kafin jariri ya rarrafa kanta. A nan ake shanya hatsi, a shimfiɗa tabarma, a yi sallah. Ciyawa a gindin ɗaki sauro ne da gara. Kowa da abin da ƙasarsa ta koya masa."

Ya ce, "Haka ne, Kawu, tsakar gida na yarda. Amma bakin hanya fa? Harabar makaranta fa, da gangaren kwalbati, da bayan gari?"

Nan kam ya kama ni da gaskiya. Ya ce ɗigon ruwan sama in ya faɗo kan ƙasa tsirara dukanta yake yi, ya farfasa ta, ya toshe ƙofofin da ruwa ke shiga, sai ruwan ya gudu a sama ya tafi da ƙasar. In akwai ganye a kai, ganyen ne ke karɓar dukan, ruwan ya sauka a hankali ya nutse. Da bazara kuma fuskar ƙasa tsirara a wajenmu tana haura digiri 50, ta gasa duk wani abu mai rai da ke cikinta. Duk wanda ya ga kwazazzaban da suka ci unguwanni a Gombe ya san inda maganar ta dosa. Kuma ba wai ba mu da masu rufe ƙasa ba ne. Manominmu ya daɗe da sanin ya zuba wake a ƙarƙashin gero, ya bar kabewa da guna su yaɗu tsakanin kunya, ya bar jema da gamba a kan iyaka su riƙe ƙasa. Ga ƙiri-ƙiri mai rarrafe da ke jure taku. Ga duman kada da ke shimfiɗe a bakin rafi da furanninsa masu ruwan hoda, dabba ba ta cinsa, rani ba ya kashe shi da wuri. A gona mun san amfaninsu, amma ba mu taɓa kallonsu da idon ado ba. In mai kuɗi ya tashi ƙawata gida sai ya nemo ciyawar da ba ta san rani ba, ya tona rijiyar burtsatse yana yi mata wanka safe da yamma, unguwa kuwa na layin jarka.

Gansakukar Kiyoto ba za ta rayu a Kano ba, wannan ko ba a faɗa ba. Wata bakwai ba ɗigon ruwa, ga iskar hunturu mai tsotse laima, ba wurinta ba ne. Ko a Kiyoto ma na ji masu lambu na kukan cewa zafin birni da bushewar iska suna wahalar da ita a cikin gari fiye da da.

Nara ce ta ba ni misalin da ya fi kusa da mu. Tafiyar ƙasa da awa guda ce a jirgin ƙasa, kuma ita ma ta taɓa zama babban birni kafin Kiyoto. A tsakiyar garin akwai makeken fili da barewa irin tasu sama da dubu ke yawo a sake, ba mai taɓa su, don tun zamanin da ana ɗaukarsu da tsarki. Suna bin mutane suna sunkuyar da kai a ba su biskit ɗin da ake sayarwa dominsu. Amma ni ƙasa nake kallo. Ciyawar filin gajera ce, lif-lif, kamar an bi ta da reza. Na tambaya wane inji ke aske fili mai girma haka. Yaron ya nuna mini barewar da ke kiwo kusa da mu. Su ne injin. Ciyawar, shiba, tana da idon tsiro can ƙasa manne da turɓaya, inda haƙorin dabba ba ya kaiwa. Duk abin da ya ɗaga kai sama an cinye shi, ita kuwa da ake ci sai ta ƙara yaɗuwa gefe. Irinta yana bi ta cikin barewar ya fita da kashi ya tsiro a wani wuri, ƙwaro irin buzuzu kuma su binne kashin ya zama taki. Ko rassan itatuwan filin an daidaita su daga ƙasa, iya inda bakin barewa ke kaiwa, har kana hango nesa ta ƙarƙashinsu.

A bayan filin akwai tudun Wakakusa, shi ma ciyawa ce ta rufe shi tun daga gindi har ƙoli, kuma duk shekara a ƙarshen watan Janairu ake cinna masa wuta da dare, jama'a su taru su kalla, ƴan kwana-kwana na tsaye a gefe. Kiwo da ƙuna, abubuwa biyun da muke ɗora wa laifin tsiraita ƙasa a wajenmu, su ne a nan suke riƙe da shimfiɗar. Na jinjina wannan ƙwarai. Yaron ya ce bambancin yana ga irin ciyawar, da yawan bakin da ke cinta, da lokacin da ake sa wutar, da kuma ruwan da ke biyo baya.

Ya tsuguna ya ɗaga wani reshen shiba da yatsa ba tare da ya tsinke shi ba, ya nuna mini yadda kowace gaɓa ta kafa saiwarta a ƙasa kafin ta miƙa ta gaba. "Kawu, dubi nan. Ba haka ƙiri-ƙiri take yi ba?" Haka take yi, gaɓa da gaɓa. Ya ce in ya dawo gida abin da yake so ya gwada ke nan a gangaren madatsun ruwa da bakin hanyoyi: ƙiri-ƙiri daga sama inda ake takawa, duman kada a ƙasa inda laima take, layin jema a tsakani. Na tambaye shi awaki fa, ya ce da su za a yi lissafin tun farko, don duk abin da ba zai jure bakin akuya ba, bai ga amfanin dasa shi ba.